Saita Injin Cusa Ƙusar Katako Domin Haɗa Kabad

Kafintan da ke haɗa kabad ɗin kicin da yawa a Zariya, ko a Sabon Gari yake ko a Tudun Wada, ya san inda lokaci ke tafiya: huda rami, ɗiga gam, buga ƙusar katako ɗaya bayan ɗaya. Injin cusawa yana yin ukun nan a jere. Sai dai saurinsa bai da amfani idan saiti ya kauce, domin kuskure ɗaya zai maimaita a kan kowane allo.

A fara da awo. Ga allon MDF (allon garin katako da aka matse) mai kaurin milimita 18, ƙusa mai faɗin milimita 8 da tsawon 35 ce ta dace, kuma a zaɓi mai zane-zane a jiki, saboda ta nan iska da rarar gam ke fita. Ramin gefen allo ya kai zurfin milimita 24, ƙusa ta leƙo da 11, ramin fuskar ɗaya allon kuma ya zama 13. Wannan ratar ta milimita 2 ita ce mazaunin gam. In babu ita, allunan ba za su haɗu ba, ko an matse su da ƙarfi sai dai fuskar allo ta kumbura. Idan allon mai 16 ne, a koma ƙusa mai tsawon 30. Tazarar ramuka a bi tsarin milimita 32, ma'ana tsakanin rami da rami ya zama milimita 32 ko ninkinsa, kuma kullum a auna daga gefe ɗaya, wato gaban kabad. Wanda ya auna wani allo daga gaba, wani daga baya, zai ga baki ya tsere wa baki.

Matsin iskar kwamfiresa ya tsaya wajen bar 6 (bar shi ne awon matsin iska). In ya yi ƙasa, ƙusa ba ta shiga har inda aka saita. A riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kowace yamma, musamman da damina.

Ƙusar kanta ita ce ta fi ba da wahala a Zariya. A watan Agusta tana shan danshi ta kumbura, sai ta maƙale a bututun injin ko ta tsaga gefen allo. Da hunturu kuwa ta bushe ta tsuke, ta yi sako-sako a rami. Maganin dai a ajiye ta cikin leda a ɗaure, a ɗebi ta aikin yini kawai. Wadda aka yanka da hannu, tsawo bai zo ɗaya ba, kada ma a zuba wa injin.

Gam fari mai ruwa-ruwa ake sawa, wanda aka yi domin inji, don mai kauri yana toshe bakin feshi. Iskar hunturu na busar da shi da wuri, saboda haka ko wuta aka ɗauke na ɗan lokaci, a wanke bakin da ruwa kafin a ci gaba. Kowace safiya a gwada a kan guntun allo, a tsaga shi a duba ko gam ya zagaye ƙusar, sannan a sa allunan mai kaya.