Yadda Ake Shiga Aikin Hoton Asibiti a Arewacin Kamaru

Duk shekara da zarar sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, sai yaran unguwarmu a Garwa su fara sallama a ƙofar gida da tambaya ɗaya: "Yaya, ta ina ake shiga aikin nan naku?" Aikin da suke nufi shi ne ɗaukar hoton cikin jikin mutum, wanda a nan muke ce wa radiyo (hoto da hasken X-ray), haɗe da ekografi (hoto da sauti) da sikana (hoton X-ray yanki-yanki da kwamfuta) da IRM (hoto da maganaɗisu). Ina jin daɗin tambayar, domin yankinmu na da ƙishirwar masu wannan sana'a, kuma ina so namu su shiga.

Abu na farko, ka san ƙofofin biyu ne. Akwai likitan hoto, wanda yake karanta hoton ya rubuta abin da ya gani. Shi sai ya yi shekara 7 yana karatun likita, sannan ya ƙara shekara 4 na ƙwarewa, kamar yadda ake yi a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya. Akwai kuma ma'aikacin hoto, wanda yake tsayar da marar lafiya, ya saita na'ura, ya fitar da hoton. Shi shekara 3 ne bayan bak. Ni ta wannan ƙofar na shiga, kuma a kanta zan fi tsayawa. Ka zauna da mahaifanka ku auna ƙarfin aljihu tun yanzu, domin shekara 11 ba wasa ba ce ga gidan da ke jiran ɗansa ya fara kawo cefane.

Na biyu, tun kana lise, wato babbar sakandare, ka riƙe ajin kimiyya, C ko D. Kada ka yi wa fizik riƙon sakainar kashi, domin duk aikinmu a kansa ya ginu.

Na uku shi ne konkur. Ma'aikatar Lafiya tana shirya jarrabawar shiga makarantun ma'aikatan lafiya, kuma a cikin fannonin akwai na hoton asibiti. Jami'ar Ngaundere da ke Dang ita ma ta daɗe tana koyar da wannan fanni. Mai son likitanci kuwa, yanzu akwai tsangayar koyon likita a nan Garwa. Abin da ke kayar da yaranmu da yawa tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa shi ne takardu: sunan da ke takardar haihuwa daban, na takardar bak daban, ko an rubuta Usumanu a nan Usman a can. Ka gyara wannan watanni kafin a buɗe rajista. Idan kuma makarantar kuɗi za ka shiga, ka nemi a nuna maka shaidar cewa ma'aikatar ta amince da ita kafin ka biya ko dala ɗaya.

Na huɗu, kuma a nan ne ake zama ma'aikaci ko a kasa, shi ne zaman koyo a asibiti. A aji za ka haddace sunayen ƙasusuwa. A ɗakin hoto ne za ka gane cewa ɗan acaɓar da aka kwaso daga hanya da karyayyen cinya ba zai kwanta yadda littafi ya zana ba, kai ne za ka juya na'urar ta bi shi. Za ka koyi sa alamar dama da hagu a kowane hoto, ko da kana gaggawa, domin hoton da ba alama yana iya sa a taɓa lafiyayyen gefe.

Ina cikin watannina na farko aka kawo wata tsohuwa daga wajen Lagdo, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Na tsayar da ita, na ce da Faransanci ta ja numfashi ta riƙe, na ɗauka. Hoton ya fito a dagule, ga kuma wani farin tabo a tsakiyar ƙirji. Gabana ya faɗi. Babban da nake koyo a hannunsa ya duba, bai ce mini komai ba. Ya je ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, akwai abin da kika rataya a wuya?" Ashe laya ce da ɗan ƙarfe a jiki, a ƙarƙashin riga. Ya kira jikarta ta taimaka ta cire, ya nuna mata da ƙirjinsa yadda ake jan numfashi, ya maimaita da Fulatanci, sannan aka sake. Saboda ban tambaya ba, baiwar Allah ta sha haske sau biyu. Tun ranar na koyi faɗin "ja numfashi, riƙe, kada ki motsa" da Hausa da Fulatanci da Faransanci, kuma ina ba ka shawara ka ƙara da Larabcin Shuwa in kana tunanin aiki wajen Kusiri.

Na biyar, ka ji tsoron hasken nan na X-ray daidai gwargwado. Tun da Wilhelm Röntgen ya gano shi a Jamus ranar 8 ga Nuwamba 1895, masu aiki da shi na farko da yawa sun ƙone hannu saboda ba su san illarsa ba. Ba a ganinsa, ba a jin zafinsa. Ƙa'idar duniya ita ce kada ma'aikaci ya wuce milisibat 20 (ma'aunin hasken da jiki ya sha) a shekara idan an yi matsakaicin lissafi na shekara 5. Ga marar lafiya, hoton ƙirji ɗaya wajen 0.1 ne, amma sikanan ciki yana iya kaiwa kusan 10. Ka sa rigar dalma, ka tsaya bayan kariya, ka maƙala ɗan ma'aunin haske a aljihun gaba, kuma ka nemi a riƙa karanta shi. Idan ka ninka tazararka da na'ura, hasken da ke iso ka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Duk macen da ke shekarun haihuwa, ka tambaye ta batun ciki cikin ladabi, a keɓe, ba a gaban surukarta ba. Ekografi da IRM ba su da wannan hasken, sai dai maganaɗisun IRM yana fizgar ƙarfe, har almakashin da ka manta a aljihu.

Na shida, da takarda ta zo hannu ka yi rajista da ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta ƙasa, sannan ka bazama. Aikin gwamnati sai an buɗe ɗauka, saboda haka kada ka naɗe hannu kana jira. Akwai asibitocin kuɗi, akwai na mishan irin na Meskin kusa da Marwa, akwai manyan asibitocin Garwa da Ngaundere. Duk inda akwai sikana ka roƙi a bar ka ka koya, ko da a lokacin hutunka ne. Ka kuma koyi kula da na'ura: zafin Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, wuta na ɗaukewa, kuma in na'ura ta tsaya sau da yawa sai an jira mai gyara daga Yawunde ko Duwala.

Ga ƙannena mata, ku na fi kira. Na sha ganin matar da ta fasa hoton nono ko na mara don ta leƙa ta ga namiji ne a ɗakin, ta koma gida da ciwonta. Da mace ta tarar, da ta shiga.

In har abin ya kwanta maka, cikin makon nan ka sa tufafi masu tsabta, ka je asibiti mafi kusa da safe, ka gaida shugaban ɗakin hoto, ka roƙe shi ya bar ka ka tsaya bayan gilashi ka kalli aiki har azahar.