Yadda za ka yi jinyar mage mai ciwon dasashi ba tare da ka dawwama a kan antibayotik ba

Magena Gimbiya ta shekara shida tana gadin shagon hatsina a Zariya kafin bakinta ya fara ciwo. Sai ta zo wurin kwanon abinci da gudu kamar kullum, ta ɗauki kan kifi, ta ƙwala ƙara ta watsar, ta koma bayan buhuna tana kallon kwanon daga nesa. Yunwa na cinta, tsoron abincin kuma ya hana ta. Daga baya miyau ya riƙa dalala da jirwayen jini, gashinta ya cukurkuɗe saboda ta daina lasar jiki, warin bakinta kuwa tun daga bakin ƙofa ake ji.

Na yi kusan shekara ina ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik. Wani mai kemis ya fara ba ni kafso ɗin nan ja da yalo, ya ce in fasa in barbaɗa a abinci. Bayan shi na koma ruwan amoksisilin na yara. Duk lokacin da na fara, cikin kwana huɗu warin ya ragu, ta ci abinci, in ce alhamdulillahi an gama. Mako uku da dainawa sai mu koma gidan jiya. A zagaye na biyar maganin ko gezau bai yi ba, sai gudawa da ya ƙara mata. Wannan shekarar da na ɓata ita ce nake so in rage wa mai karatu.

Fara da duba bakin da kanka. Ka naɗe magen da tawul har wuya, ka zauna inda haske yake, ka ɗaga leɓen sama da ɗan yatsa a hankali. Idan jan layi ne siriri a inda dasashi ya haɗu da haƙori, da dauɗa mai ruwan ƙasa a jikin haƙoran tauna, wannan kumburin dasashi ne na yau da kullum, kuma wankin haƙori a wurin likita da kulawa a gida kan magance shi. Idan kuwa ta yi hamma ka hango can ƙuryar baki, inda muƙamuƙin sama da na ƙasa suke haɗuwa, ya yi ja wur, ya yi tsiro-tsiro kamar ɗanyen nama, to ciwon ya wuce nan. Likitoci suna kiransa sitomataitis, shi ne na Gimbiya. Kada ka matsa sai ka buɗe bakin da ƙarfi, zafin ya kai ta cije ka ko da ba halinta ba ne. Kumburin da ya tsaya a gefe ɗaya kawai, ko ƙulli mai girma, musamman a tsohuwar mage, a kai ta asibiti cikin makon, domin akwai kansar baki.

Abin da likitan dabbobin da na je wurinsa daga ƙarshe ya fahimtar da ni shi ne, ba wata ƙwayar cuta ɗaya ce ta shiga bakin ba da za a kashe ta a huta. Kowane baki yana da ƙwayoyin cuta da ke taruwa su yi wata dauɗa mai danƙo a jikin haƙori. Garkuwar jikin yawancin maguna tana zaman lafiya da wannan dauɗar. A wasu kuwa garkuwar ce ke wuce gona da iri, ta far wa dauɗar har ta cinye naman bakin. Ya ce da ni: "Malam, ka san gansakukar da ke kama cikin randa? Ko me ka zuba a ruwan ba za ta fita ba sai ka sa hannu ka kankare." Antibayotik yana rage yawan ƙwayoyin na ɗan lokaci, shi ya sa ake ganin sauƙi, amma dauɗar tana nan manne, kuma maganin ba ya ratsa ta sosai. Da an daina sai su sake yaɗuwa, waɗanda suka tsira kuma su ne masu taurin kai da maganin bai kashe ba. Haka na yi ta zaɓo wa Gimbiya mafi ƙarfin cikinsu da hannuna. Abin bai tsaya ga mage ba, tunda a gida ɗaya muke, yara suna wasa da ita, kuma amoksisilin ɗin da na lalata a bakinta shi ne ake rubuta wa ɗana idan kunnensa ya yi ciwo.

Don haka ka je wurin likitan dabbobi tun a zagayen farko. Ka roƙi a gwada jininta a ga lafiyar ƙoda, domin ciwon ƙoda ma yana kawo gyambon baki da wari, kuma sakamakon ne zai nuna irin maganin zafin da za ta iya ɗauka. A gwada cututtukan nan biyu masu karya garkuwar mage, FIV da FeLV. Ba sa kama mutum, kada sunan ya firgita ka. Yawancin magunan da ke da wannan ciwon baki suna ɗauke da ƙwayar kalisi, mai sa mura da gyambon harshe, wadda antibayotik ba ya taɓa ta ko kaɗan. Idan garinku babu mai aikin haƙoran ƙananan dabbobi, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Ka tambaya tun kafin ka kama hanya ko suna cire haƙoran mage, ko kuma suna ɗaukar hoton saiwar haƙori.

Ba cewa nake antibayotik ba shi da gurbi ba. Idan akwai mugunya, ko zazzaɓi, ko ana shirin tiyata a bakin da ya ruɓe, likita kan rubuta shi na kwanaki ƙidayayyu, galibi amoksisilin mai haɗe da kilabulanet ko kilindamaisin. Ka bayar daidai awon da aka yi da nauyinta, a kan lokaci, har ranar da aka ce. Ƙwayar doksisaikilin da kafson kilindamaisin kada a tura su a bushe: suna maƙalewa a maƙogwaro su ƙona shi har ya tsuke. Ka bi su da ruwa kamar mililita 5 a sirinji marar allura, kaɗan-kaɗan ta gefen baki, ko ɗan abinci mai laushi. Metronidazol yana da ɗaci har ta yi kumfa, kuma idan aka daɗe a kansa yana taɓa ƙwaƙwalwa ta fara tangaɗi. Enrofuloksasin, wanda masu kiwon kaji suka sani sosai, yana makantar da mage idan ya wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana, makantar da sau da yawa ba ta warkewa. Ragowar maganin kaji ko allurar shanu kada su kusanci mage.

Maganin zafi ya fi komai gaggawa, a nan kuma aka fi kashe maguna da kyakkyawar niyya. Farasitamol guba ne gare su, ƙwaya ɗaya ta isa: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Ibufurofen da dikulofenak suna kashe ƙoda. Man shafawa a dasashi na mutane da man goge bakinmu su ma a'a. Likita yana da nasa, irin su bufurenofin, gabafentin, ko meloksikam idan ƙoda lafiya take. Allurar sitiroyid, maganin rage kumburi, mai daɗewa a jiki tana kawo sauƙi kamar a mafarki, sai dai tasirinta yana raguwa da maimaitawa, kuma tana iya jawo ciwon suga. Ba a haɗa ta da meloksikam. Magen da ta kwana biyu ba ta ci komai ba, kada a jira na uku, domin hantarsu tana saurin lalacewa da yunwa, musamman masu ƙiba.

Sai maganar da na fi jin nauyinta, cire haƙora. Babbar mage tana da haƙora 30. Abin da aka fi samun nasara da shi a wannan ciwo shi ne a sa ta barci a cire dukkan haƙoran tauna, wani lokaci har da fiƙoƙi da na gaba idan kumburin ya kai gare su. Idan babu haƙori, dauɗar ba ta da wurin kamawa. Da na faɗa wa mahaifiyata sai ta ce: "Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah, da me baiwar Allah za ta ci abinci?" Ni ma abin da ya tsayar da ni ke nan har wata biyu. Ashe mage ba ta tauna kamar mu, yanka take ta haɗiye, kuma haƙorin da ba ta iya taɓa abinci da shi ba amfaninta yake ba. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin suna warkewa ko su sami sauƙi mai yawa. Sharaɗin shi ne a fitar da saiwar duka. Guntun saiwa ɗaya da ya karye ya zauna ya isa ya riƙe kumburin, shi ya sa hoton bayan aiki yake da muhimmanci. Jinkiri kuma yana rage sa'a, musamman ga wadda ta daɗe a kan sitiroyid.

Bayan tiyata, mako biyu na abinci mai laushi. Ni dafaffiyar kaza nake niƙawa da romonta, babu gishiri, babu maggi, babu albasa ko tafarnuwa domin suna lalata jinin mage. In ɗan ɗumama shi don ƙamshi ya tashi, in zuba a faranti mai faɗi. Kwanon roba na jefar, na koma na silba da nake wankewa kullum. Haƙoran da suka rage, bayan baki ya warke, ana shafa musu kulohekzidin na baki, maganin shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda likita ya bayar, da ƙyalle mai tsabta a naɗe a yatsa.

Wasu ba sa warkewa sarai ko bayan an cire, sai a ci gaba da maganin daidaita garkuwa kamar saikulosforin, ana gwajin jini lokaci-lokaci. Ka ba aikin watanni kafin ka yanke hukunci, ka riƙa auna nauyinta duk mako kana rubutawa. Gimbiya ta shiga tiyata da kilo biyu da rabi, aka bar mata fiƙoƙinta huɗu. Jan ƙuryar bakin bai gama bajewa ba sai a wata na huɗu, a lokacin ta kai kilo uku da ɗigo takwas. Ranar da na buɗe shago na tarar da ita zaune kan buhun gero tana lasar ƙafarta tana goge fuska, na kira Inna a waya na faɗa mata.