Yadda Ake Buga 3-5-8, Kartar Mutum Uku

A majalisun Gombe, ko a Jekadafari ko a Tudun Wada, akan sami daren da mutum uku kacal suka fito bayan isha'i, na huɗun ya maƙale a gida, wasan da ake yi biyu-biyu ya gagara. To akwai wasan da don mutum uku aka yi shi. Sunansa 3-5-8. A Ingila suna kiransa da sunan muƙamin samanja, kuma ya yi tashe a tsakanin sojojin saman Birtaniya. Indiya da Pakistan suna da ƙaninsa, 3-2-5, wanda ake yi da kati 30. Ba a sa kuɗi a cikinsa, ba ya ma buƙatar haka, domin bashin da ke cikinsa da kati ake biya.

Karta ta yau da kullum ake nema, mai kati 52, a cire joka. Katin Whot ba zai yi ba, saboda danginsa biyar ne kuma yawansu bai zo ɗaya ba. Karta dangi huɗu gare ta, kowanne kati 13. Tsofaffin 'yan wasa suna da sunayensu, irin su kubbi da zi, amma don kada a ruɗe, a nan za mu bi siffa: ja mai zuciya, ja mai kusurwa huɗu, baƙi mai ganye uku, da baƙi mai kan mashi. A taƙaice zuciya, kusurwa, ganye, mashi. A kowane dangi A ne babba, sai K, sai Q, sai J, sai 10 a gangaro har 2.

Rabo da kason kowa

Kowa ya zari kati ɗaya, wanda nasa ya fi girma shi ne mai rabon farko. Ya gauraya sosai, ya raba ɗaya-ɗaya yana farawa da na hagunsa, har kowa ya sami 16. Za a ga huɗu sun rage. A kife su a tsakiya, su ne kasuwa. Idan a waje ake zaune lokacin hunturu, a ɗora musu ɗan dutse, don in iska ta buɗe ko ɗaya rabon ya lalace.

Idan kowa ya ajiye kati ɗaya, wanda ya fi ya kwashe ukun, an yi ci ɗaya ke nan. Ci 16 ne a kowane rabo, kuma tun kafin a fara an yanka wa kowa kasonsa. Mai rabo sai ya kawo 8, na hagunsa 5, na damansa 3. Daga nan sunan ya fito. Wanda ya wuce kasonsa yana bin bashi, wanda ya gaza ana bin sa.

Mai takwas ne ya fi kowa nauyi, shi ya sa aka ba shi gata biyu. Na farko, shi ke faɗin dangin yanka, wato dangin da ko ƙaraminsa ya fi babban kowane dangi. Na biyu, kasuwa tasa ce. Amma akwai tsari: ya faɗi dangin yanka tukuna, ya zubar da kati huɗu daga hannunsa a kife, sannan ya ɗauki kasuwar. Ba a leƙa kasuwa kafin a faɗa, ba a kuma canza magana bayan an gani. Wasu majalisun suna barin mutum ya ɗauka sannan ya zubar, wanda ya fi sauƙi ƙwarai. A yi ittifaƙi a kan wannan tun ba a raba ba.

Yadda ake ci

Mai biyar ne ke fara ajiyewa, sai mai uku, sai mai takwas. Duk dangin da aka fara da shi, dole ka bi in kana da shi, ko da zai ci maka babban kati. In ba ka da shi, zaɓi naka ne: ka yanka, ko ka jefar da wani da ba ka so. Babu dole a yanka. Idan ba wanda ya yanka, babban kati a dangin da aka fara da shi ne ya ci. Idan mutum biyu suka yanka, wanda yankansa ya fi girma ya kwashe. Wanda ya ci shi ke fara na gaba.

A ce mashi ne yanka. Mai biyar ya fito da K na zuciya, mai uku ya ɗora A na zuciya yana murmushi, mai takwas kuwa ba shi da zuciya ko ɗaya, sai ya sa 2 na mashi ya kwashe su duka. Da A na ganye ya jefa, ba abin da zai samu, domin ganye ba shi aka fara da shi ba, ba kuma shi ne yanka ba. Sababbin 'yan wasa sukan yi asarar manyan katunansu a nan.

Kowa ya riƙa jera cinsa a kife, uku-uku, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye, don a ƙirga da ido. Wanda ya tara nasa tuli guda shi ke jawo musu a ƙarshe.

Biyan bashi

Nan ne gishirin wasan. Bayan an gama, rabo ya koma hannun na hagu. Mai biyar ya zama mai takwas, mai uku ya zama mai biyar, tsohon mai rabo ya sauko uku. A raba 16-16 kamar da. Kafin sabon mai rabo ya faɗi yanka ko ya taɓa kasuwa, sai a biya bashin rabon da ya wuce.

A ce mai takwas ya tsaya a 6, mai biyar ya ci 7, mai uku ya cika 3 ɗinsa daidai. Na ukun ba ruwansa. Na biyun yana bin na farkon kati biyu. Zai zaɓi kati biyu da ba ya so, ya miƙa masa a kife, shi kuma dole ya mayar masa da mafi girman abin da yake da shi a dangin kowane kati da aka ba shi. An ba shi 3 na kusurwa, yana riƙe da A da 9, to A ɗin zai fita. In duka biyun kusurwa ne, manyansa biyu za su tafi. In ba shi da komai a dangin, ko kuma katin da aka miƙo ya fi duk nasa, shi ɗin zai mayar. Saboda haka kada ka ba da 9 ko 10 kana jiran K. Mafi ƙanƙanta ake bayarwa.

Idan mutum biyu ke bin mutum ɗaya, wanda kasonsa ya fi yawa a sabon rabon shi ke fara karɓa. Idan ɗaya ke bin biyu, ya karɓa daga kowanne gwargwadon giɓinsa. Wanda ba a yi musayar da shi ba, bai kamata ya ga katunan ba.

Wane dangi za ka nema? Kada ka ba da kati a dangin da kake riƙe da A, K da Q, don ba abin kirki da ya rage a can. Inda kake da K ba A, ko kake da A ba K, nan ne riba. In kai ne sabon mai rabo, ka nema a dangin da kake shirin kira yanka, ka zare masa babban makami tun bai san makami ba ne. Wanda ake bi kuma ya lura da abu ɗaya: musaya ba ta canza yawan katin da kake da shi a kowane dangi, girmansu kawai take ragewa. Mai ganye bakwai yana nan da ganye bakwai ko an karɓe masa A. Wannan ke ceton mai rabon da ya shigo da bashi a wuya.

Dabarar mai takwas

Yawa ake dubawa wajen kiran yanka, ba girma ba. Ƙananan mashi shida sun fi A, K, Q na zuciya su uku kawai, domin waɗannan manyan za su iya ci ko ba su ne yanka ba, su kuwa ƙananan in ba a kira danginsu ba sun zama shara. Da kati biyar ana iya lallaɓawa. Ƙasa da haka, sai dai addu'ar kasuwa ta yi kyau.

Wajen zubarwa, a yi ƙoƙarin share gajeren dangi gaba ɗaya don a sami damar yanka da wuri. Sai dai kasuwa takan dawo maka da irin abin da ka share, wannan ba yadda za a yi da shi. Kada a bar K shi kaɗai ba ƙaramin da zai kare shi. A na fitowa zai faɗi a banza.

Da zarar ka karɓi hannu, in yankanka da ƙarfi, ka fara zare nasu. Lissafin a fili yake. Kana da 7 cikin 13, saura 6 a waje. Duk zagayen da su biyun suka bi, ka kashe ɗaya ka fitar da biyu. In sun rabu uku-uku, zagaye uku ya share su, manyan katunanka na sauran dangi su wuce ba mai tare su. Amma da ɗayansu ya daina bi, ciniki ya koma ɗaya da ɗaya, sai ka tsaya ka ƙirga ko ya cancanci ci gaba. Mafi yawan masu faɗuwa a takwas ba rashin kati ke ka da su ba, gaggawar fito da A ne alhali ƙananan yanka suna hannun mutane.

Mai biyar da mai uku kuwa nasu akasin haka ne. Su ci da A ɗinsu da wuri, don dangi mai kati 13 a hannun mutum uku ba ya zagayawa fiye da sau huɗu, kuma daga zagaye na uku ana iya yanka. Su kuma riƙa fito da dangin da suka ga mai takwas ba shi da shi, su tilasta masa ƙona yankansa. Su tuna cewa kati huɗu suna kife, mai takwas kaɗai ya san su, don haka Q ɗin da ake ta jira wataƙila ba za ta taɓa fitowa ba.

Abin da ke ɓata wasa

Babban laifi shi ne ƙin bin dangi alhali kana da shi. Sau da yawa ba ha'inci ba ne. An ɗauke wuta, ana wasa da fitilar waya, ganye da mashi duk baƙaƙe, ko kati biyu sun manne saboda tsufa. Maganinsa a jera hannu ja, baƙi, ja, baƙi tun daga farko. In an gano kafin a kife cin, a gyara kawai. In sai daga baya, hukuncin da ya fi sauƙi shi ne a soke rabon, a ɗora wa mai laifin bashin kati ɗaya ga kowanne. Haka ma wanda ya ɓoye A wajen biyan bashi. Zai tonu da kansa lokacin da ya fito da shi. Wanda ya ga katinsa 15 ko 17 ya faɗa nan take a sake rabo. Bashin kowa kuma a ajiye shi da tsinken ashana a gabansa, musamman in za a tashi a dawo.

Wasa yana ƙarewa ne idan mutum ɗaya ya ci 12 ko fiye a rabo guda. Yawanci mai takwas ne da ya shigo yana bin bashi uku ko huɗu. Idan aka ga haka, sauran biyun su daina yi wa juna ƙwace: ci biyar suke buƙata a tsakaninsu su tare shi, ko a hannun wa suka faɗa. In mai biyar ya riga ya ɗora K kuma ka san mai takwas ba zai iya da shi ba, kada ka hau shi da A, ka ajiye A ɗin don zagaye na gaba.