Yadda za ka hango M77 daga nan Kano

Jama'a wannan M77 ɗin tarin taurari ne irin namu da muke ciki, mai hannuwa a murɗe da sanda a tsakiya, nisansa kusan shekarar haske miliyan 47 (wato tafiyar da haske zai yi a shekara miliyan 47), kuma a cibiyarsa akwai baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya kuɓuta daga jansa, da ya ninka rana nauyi sau miliyoyi yana ta zuƙar iskar gas, gas ɗin na ɗaukar zafi yana haske tun kafin ya faɗa ciki. Bafaranshe Pierre Méchain ne ya gano shi a 1780, sai a 1943 masanin taurari Carl Seyfert ya sa shi cikin irin waɗannan masu cibiya mai tsananin haske.

To lokaci shi ne komai a wajenmu. Ka nufi ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, damina ta ɗauke sama ta wanku hazo bai sauko ba tukuna, don wallahi in hunturu ya kankama ƙurar nan sai ta shafe shi gaba ɗaya ko madubin hangen nesanka na miliyan nawa ne. Ka duba kwanan wata kuma, daga 25 ga watan Musulunci zuwa 3 ko 4 ga sabo, lokacin babu farin wata. Wajen sha biyun dare yake kaiwa ƙololuwa, kuma mun yi sa'a, a Kano kusan saman ka yake bi, ɗan karkata kudu kaɗan.

Cikin gari kam akwai wahala, ko an ɗauke wuta fitilun sola da janareto sun cika ko'ina. Gara ku haɗu ku uku huɗu ku fita bayan gari inda kuka san mutane, kar ka tafi kai kaɗai da daddare.

Ka sauke Stellarium, manhajar taswirar taurari, a waya ka kunna jan haskensa. Fara da Kaza da 'Ya'yanta, ka gangaro kudu maso yamma har ka samu Menkar, tauraro mai ɗan ja, daga nan ka bi zuwa tauraron Delta Ceti, M77 na gefensa ta gabas, tazarar ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba in ka miƙe hannu. Madubin hangen nesa mai faɗin inci 4 ya isa, na hannu mai ido biyu kuwa da ƙyar, sai wuri mai duhu sosai.

Ka ba idonka minti 20 a duhu ba taɓa waya, sannan kar ka zura masa ido kai tsaye, ka kalli ɗan gefe, a nan yake fitowa. Abin da za ka gani ɗan dishi-dishi ne kamar hayaƙi da ɗigo mai haske a tsakiya, hannuwan da sandar sai a hoto, ita sandar ma sai da kyamarar infared, mai ɗaukar hasken da ido ba ya gani, ake ganinta sosai. Amma ɗigon nan shi ne cibiyar, kuma daga wannan tarin ne na'urar IceCube da ke Antatika ta sanar a 2022 cewa ta samu shaidar nutirino, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar zarra ba, na isowa duniya, ni dai don shi nake hana idona barci.