Yadda za ka gane fim ɗin da aka zuzuta kawai kafin ka ƙona datarka

Duk wanda yake zama majalisa a Samaru ko Tudun Wada ya san yadda abin yake, sati guda ana maganar fim ɗaya, kowa na cewa ya haɗu, ƙarshe ne, wai har kambu ya ci a ƙasar waje, kai kuma ka ji kamar an bar ka a baya, ka sa data ko ka je wajen masu turi a PZ a zuba maka a waya, ka zauna awa biyu da rabi kana jiran inda abin zai fara daɗi har sunaye su fara hawa. Toh ga yadda nake tace irin waɗannan finafinan kafin in ba su darena.

Abu na farko, ka bi sawun yabon ka ga daga bakin wa ya fito. In jaruman da suka fito a ciki ne da furodusa da abokansu suke ta ɗora fosta a Instagram da TikTok, wannan talla ce, ba laifi ba ne kuma, sana'arsu ce, mai tallan fura ai ba za ta ce maka furarta ta kwana ba. Wanda nake nema shi ne mutumin da ba ya da ko sisi a ciki, kuma na taɓa ji ya kushe wani fim ɗin. Wanda kullum komai ya fito sai ya ce ba a taɓa yin irinsa ba, ɗan amshin shata ne, ka wuce shi. In abokinka ne ya kawo maka labarin, ka yi masa tambaya ɗaya, wane sin ne ya tsaya maka a rai? In ya fara kame-kame yana cewa ai kowa ma na yabonsa, toh wallahi akwai yiwuwar bai ma ƙarasa kallo ba.

Sai maganar lambobin nan da ake ɗaukowa a intanet ana kafa hujja da su. Mutane da yawa suna ganin 95% a Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhin finafinai, su ɗauka maki ne kamar na jarabawa, alhali ba haka lissafin yake ba. Abin da suke ƙirgawa shi ne kashi nawa cikin ɗari na masu sharhi suka ce fim ɗin ya fi kusa da kyau, ko da kuwa cewa suka yi ba laifi a daddafe. Kenan in masu sharhi ɗari duk suka ce "eh toh, za a iya kallo", zai tashi da 100%, shi kuwa fim ɗin da rabi suka haukace a kansa rabi suka tsane shi zai tsaya a 50%, kuma sau da yawa irin na biyun nan ne ya fi cancanta ka gani da idonka. Daga 60% suke kiran fim mai kyau. Ka kuma sani tun 2016 kamfanin Fandango mai sayar da tikitin silima ya sayi shafin, ban ce suna maguɗi ba, amma ka riƙe wannan a ranka. Na IMDb kuma, wani shafin finafinan, kowa ke jefa ƙuri'a daga 1 zuwa 10, shi ya sa masoya jarumi kan yi gayya su cika wajen da goma-goma tun ranar farko, maƙiyansa su zo da ɗaya-ɗaya. Ni na fi karanta waɗanda suka ba da 5 ko 6 ko 7, a nan ne ake faɗin abin da ya yi kyau da abin da ya gurgunce ba tare da kumfar baki ba.

Kambu kuma fa? Nan ne aka fi rufe mana baki, da ka ce fim bai burge ka ba sai a ce kai wane ne, ai Oska ya ci. Oska zaɓe ne, 'yan masana'antar fim ne suke jefa ƙuri'a, su wajen dubu goma, mafi yawansu a Amurka, kuma kamfanoni na kashe miliyoyin daloli wajen kamfe, talla a mujallu, liyafa, nuna fim na musamman ga masu zaɓe, kamar dai yadda ka san zaɓe. A bikin 1942 fim ɗin Citizen Kane ya shiga takara a rukuni tara ya tsira da ɗaya tak, wani fim ɗin daban aka ba gwarzon shekara, amma daga 1962 har 2002 Citizen Kane ɗin ne masu sharhi suka riƙa ɗorawa a sama a ƙuri'ar da mujallar Sight and Sound ta Ingila take yi duk shekara goma. Masu ba da kambun kansu suna kuskure kenan, kuma lokaci ne yake tona su. A Indiya ma Aamir Khan ya daɗe da daina zuwa bukukuwan ba da lambar yabo na can, shi da yake cikin gidan.

Abin da ya fi muhimmanci a wajena, kuma shi na fi so ka tsaya a kai, shi ne ka tambayi kanka wa aka yi wa fim ɗin. Mu nan Zariya mun ga misali a gida. A 2021 Netflix ta saki Amina na darakta Izu Ojukwu, labarin sarauniyarmu ta Zazzau, ya kuma ci gwarzon fim a AMVCA, bikin ba da kambun finafinan Afirka, na 2022 a Legas. Wanda yake Legas ko Landan ya ga dawakai da faɗa da kaya masu ƙyalli, ya ga an kashe kuɗi, ya tafa, kuma da gaskiyarsa, abin da ya zo gani kenan. Amma wanda ya tashi yana wuce ganuwa kullum, ya san Kufena da Turunku, ya sha kallon hawan sallah a ƙofar fada, da wani ido daban zai kalla, zai ji ana ta Turanci a fadar Zazzau, zai lura da yadda aka naɗa rawani da yadda ake gaisuwa gaban sarki, kuma 'yan Arewa da dama sun yi ƙorafi a kan irin waɗannan a lokacin. Alƙalan da suka ba shi kambu ba wannan suka auna ba. Don haka in fim ya shafi abin da ka fi mai sharhin sani, addininka ko garinka ko yadda ake aure a gidanku, kar ka ji kunyar fifita naka idon. In kuma akasin haka ne, fim ɗin Koriya ne ko na Faransa da aka gina kan wata matsala tasu, toh ka ɗan yi haƙuri ka karanta kaɗan a kan abin kafin ka yanke hukunci, wataƙila kai ne ba ka da mabuɗin.

Yanzu gwajin kansa. Kar ka yarda da tirela, aikinta kenan ta kwashe duk wuraren daɗi ta matse su a minti biyu. Ka samu fim ɗin a ƙaramin kwaliti tukuna, ka ba shi minti ashirin zuwa talatin, waya ɗaya a hannu ba kana kallo kana duba WhatsApp ba. Bayan nan ka tsaya ka ga ko za ka iya faɗin abin da jarumin yake nema da abin da ya tare masa hanya, da kuma ko ka damu ya samu ko kar ya samu. In amsar babu ce, hoto mai kyau da jirgin ɗaukar hoto yana shawagi saman gari ba za su cece shi ba. Akwai wata dabara da nake yi wa namu na Kannywood masu dogon zango a YouTube, in tsallake minti biyar a tsakiyar episod, in na dawo ban rasa komai ba har yanzu ana falo ana maimaita maganar da aka yi a sin ɗin baya, na san jan rai ake yi don a tara masu kallo. Yawan biyus ma ba shaida ba ne, wanda ya danna ya zagi fim ɗin ya fita shi ma an ƙirga shi.

Ka bambance fim mai tafiyar hawainiya da fim marar komai a ciki. Wani a hankali yake tafiya amma kowane shiru akwai abin da yake ɗauke da shi, wani kuwa shirun ne kawai da kiɗa mai ban tausayi don a ce mai zurfi ne. Yadda za ka gane, ka kwana biyu ka ga ko wani abu daga ciki zai dawo maka kana kan keke napep ko kana layin cire kuɗi. Sannan in fassarar Hausa ka kalla, ka tuna masu fassara na ƙara nasu barkwancin su rage wani wajen, fim ɗin da aka yaba a asalinsa ba lallai shi ka gani ba, ka nemi na asali mai sabtaitil kafin ka ce ƙarya ake yi.

In kuma hayaniyar ta yi yawa ka kasa gane gaskiya, ka bari wata uku su wuce. Kuɗin talla ya ƙare a lokacin, 'yan gayya sun koma kan wani sabon, sai ka sake tambaya a majalisa ka ji ko akwai wanda ya kalle shi sau biyu.