Yadda za ka zama malamin da ɗalibai ba sa mantawa da shi

To malam, in kana so bayan shekara ashirin wani ya tsayar da kai a hanya yana murna ya ce kai ka koyar da shi, ba yawan rubutun da ka cika allo da shi ne zai jawo maka haka ba. Ni kaina rabin abin da aka koya min a sakandare ya bi ruwa, amma har yau ina tuna malamin lissafin da ya tsaya a gefen bencina ya sa yatsa kan layin da na ɓata ya ce a hankali, daga nan ka sake.

Fara da sunaye. Cikin sati biyun farko ka haddace sunan kowa ko da ajin ya cika maƙil, in ta kama ka zana wurin zaman kowa a takarda ka rinƙa leƙawa. Yaron da kullum "kai na baya can" ake ce masa ya san ba a san da shi ba, shi ma sai ya sallama ka.

Na biyu kuma shi ya fi wuya, in ka yi tambaya ka yi shiru. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi darussa da yawa a farkon shekarun 1970 ta gano malamai kusan sakan ɗaya kacal suke jira kafin su amsa da kansu ko su tsallaka kan wani, amma in jiran ya kai sakan 3 amsoshin sun fi tsawo kuma yaran da ba sa magana sai su fara ɗaga hannu. Gwada ka gani, sakan ukun nan ji za ka yi kamar awa guda, bakinka har ƙaiƙayi zai yi, ka daure dai.

Sai yadda kake karɓar amsar da ba daidai ba, a nan ne ake gane malami. A ce yarinya ta tashi ta ce 1/2 da 1/3 in an haɗa 2/5 ne, ajin ya fashe da dariya. In ka ce zauna ba ki san komai ba, shi ke nan ka rufe bakinta har ƙarshen zango. Ce mata, ya aka yi kika samu haka? Za ta nuna maka ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kuma in ka zagaya ka duba littattafan masu dariyar rabinsu abin da suka rubuta ke nan, ita ce kawai ta yi ƙarfin halin faɗa. Gode mata a gaban kowa sannan ku gyara tare.

Ka kuma kula da abin da ka riga ka yanke wa yaro a ranka, don yana fita a fuskarka ko ba ka furta ba. A 1968 wasu masu bincike biyu a Amurka, Rosenthal da Jacobson, sun fitar da binciken da aka gaya wa malamai wai wasu yara za su yi fice a shekarar, alhali kara zube aka zaɓo su, kuma makin yaran a gwajin basira ya ƙaru musamman a ƙananan azuzuwa. An yi ta jayayya kan girman tasirin daga baya, amma duk wanda ya taɓa zama a aji ya san kallon "wannan ba zai iya ba".

In ba ka san amsa ba ka ce ban sani ba, zan duba, gobe kuma ka dawo da ita da gaske.

Wani lokacin kuma aikin ya wuce ƙofar aji. Shahararren marubucin nan Albert Camus ya taso maraya ne a Aljeriya, mahaifiyarsa ba ta iya karatu ba, malaminsa na firamare Louis Germain ne ya rinƙa yi masa ƙarin darasi ya kuma shawo kan kakarsa ta bari ya zauna jarrabawar neman tallafin karatu maimakon a tura shi aiki. Da Camus ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1957, sai ya zauna ya rubuta wa Germain ɗin nan wasiƙar godiya.