Inda ɗalibai ke tuntuɓe a darasin barbarar ƙudan ƴaƴan itace

Duk shekara, in na zauna gyaran takardun ɗaliban nazarin halittu a nan Damagaram, kusan wuri ɗaya suke faɗuwa. Sai ka ga ɗalibi ya rubuta cewa maniyyin namijin ƙuda yana "tayar da" jijiyoyin mace, shi ya sa take ƙin wani namijin bayan barbara. Juya maganar, ɗalibina. Dakatar da aikinsu yake yi.

A mahaifar macen wannan ƙudan, wanda masana ke kira Drosophila melanogaster, akwai ƴan ƙwayoyin jijiya da ke aiki ba tsayawa muddin tana budurwa. Suna miƙa saƙo ga wasu jijiyoyi da ake kira SAG, su kuma su kai shi ƙwaƙwalwa, wurin wani rukunin jijiyoyi mai suna pC1. In saƙon yana isowa, tana sauraron namiji. Ruwan namijin kuwa yana ɗauke da sinadarin SP (sex peptide), ɗan ƙaramin furotin mai amino asid 36, wanda aka gano a Zurik a 1988. Makamarsa, SPR, wato wurin da yake kamawa a jikin jijiyoyin mahaifar, sai a 2008 ayarin masanin kimiyya Barry Dickson ya gano ta a Biyana. Da SP ya kama SPR, jijiyoyin sai su yi tsit. Shirun nan shi ne labarin da ke isa ƙwaƙwalwa: ta rufe ƙofa, ta dukufa zuba ƙwai, ta koma kwaɗayin yis da gishiri. A zanenka, sa alamar hanawa a nan.

Wasu kuma suna cewa ƙin na har abada ne. A'a, kamar mako guda ne, don SP yana manne a wutsiyar ƙwayoyin maniyyi yana sakuwa kaɗan-kaɗan. In babu ƙwayoyin maniyyin a ruwan namijin, kwana ɗaya ya isa ta sauko.

Kada kuma ka neme mata kunne. Waƙar da namiji ke yi da kaɗa fiffike ɗaya, da eriyoyin gaban kanta take jin ta.

Masu gwaji, ku ware budurwai kafin su cika awa 8 da fitowa daga kwansonsu a matsayin cikakkun ƙudaje, in ba haka ba kun makara. Ku kula da zafi: digiri 25 suke so, a wajen 30 maza kan zama juya, ga shi Afrilunmu yana wuce 40.

Ƙudan da ke sa tsutsa cikin mangwaron kasuwar Dole kuwa Bactrocera ne, danginsu daban. Naku shi ne ƙaramin nan mai jan ido da ke shawagi kan ruɓaɓɓiyar ayaba.